Masu harkar al'adu a Kaduna, wai wa kuke yiwa talla ne?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da fatan kuna lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah a bani ɗan fili a shafin wasiƙu inyi magana da 'yan uwana masu ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da marubuta da masu zane da masu rawar gargajiya, da duk wanda aka damƙawa wata cibiyar al'adu a garin nan namu na Kaduna. Sana'ata buga takardu ce, kati da fosta da bana da kalanda, kuma kusan duk taron da za'ayi a gari sai ya biyo ta hannun irinmu kafin jama'a su ganshi, shi yasa nake ganin ina da ta cewa duk da ni ba ɗan wasa bane kuma ban taɓa rubuta littafi ba.

Kukan da nake ji kullum a bakin masu wannan harka guda ɗaya ne, wai mutanen Kaduna basa son al'ada, basa karatu, bazasu cire kuɗi su kalli wasa ba, gwamnati kuma ta juya baya. Ni dai ban yarda da rabin farko na wannan magana ba. Ku shiga gidan kallon ƙwallo ranar Asabar a Rigasa ko Kawo ko Sabon Tasha kuga yadda samari ke biyan kuɗi su zauna kan benci cikin zafi da ƙarar janareta awa biyu cur, ku leƙa gidan dambe da yamma, ku tambayi matan gidanku nawa suke turawa a wata dan a sakasu a guruf ɗin littafi, balle kuɗin data da ake ƙonawa a kallon fim mai dogon zango a YouTube. Kuɗin nishaɗi kullum fita yake daga aljihun mutane ko da kuwa ana cikin matsi, wajenku ne kawai baya zuwa, kuma ni a ganina dalilin shine tallanku ba da waɗannan mutanen yake magana ba.

Bari in gaya muku yadda fostar taron al'adu take zuwa mana. Sama hoton babban baƙo na musamman, gefensa uban taro, gefe uwar taro, ƙasa shugaban taro, sai babban mai ƙaddamarwa da mataimakansa, sai mai masaukin baƙi, kowa da rawaninsa ko hularsa da jerin muƙamansa, wani lokaci a kira ka da daddare ace a ƙara girman hoton wane saboda na wane ya fishi. In aka gama jera su sai ɗan wurin da ya rage a can ƙasa a matse sunan wasan da ranar da wurin, da rubutu ƙanana wanda sai ka tsaya ka ƙura ido. Babu hoton 'yan wasan, babu layi ɗaya da zai gaya maka labarin me za'a nuna, babu kuɗin shiga ko ace kyauta ne, sau da yawa ko lambar waya babu, kuma duk da turanci alhali wasan da Hausa za'ayi shi. Sannan a kawo aikin saura kwana uku taro ace ana so gobe da safe. Toh wanda yake cikin keke napep ya wuce wannan fosta a guje me zai ɗauka? Zai ɗauka taron siyasa ne ko na wasu manya da bai shafeshi ba, kuma gaskiyarsa, dan asali ba dominsa aka yita ba, an yita ne dan mutum shida ɗin nan da ke jiki su gani suji daɗi su bada gudummawa.

Kowa kuma yasan yadda ake ƙarewa. An sa ƙarfe goma na safe ranar Talata lokacin da duk mai nema yana wajen nemansa, a roƙi wata makaranta ta turo ɗalibai su cike kujeru, babban baƙo ya turo wakili ƙarfe ɗaya saura, ayi jawabai har yaran su fara hamma, wasan da aka sha wata biyu ana atisayensa a bashi minti ashirin a ƙarshe mutane na ficewa sallar azahar. A sanar da gudummawa a lasifika a tafa, bayan sati a fara sintiri a ƙofar ofis ana cewa oga baya nan, mai hol na bin bashi, mai kujeru na bi, mu ma masu bugu muna cikin layi. Baɗi kuma a sake daga farko kamar ba'a taɓa yi ba, saboda ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka zo babu wanda yasan sunansa balle yadda za'a sake samunsa. Ni wannan ne ke bani takaici fiye da bashin.

Kuma ba kaya ne bamu dashi ba. Garin da tun 1917 aka maido hedikwatar Arewa cikinsa daga Zungeru, ai ba ƙaramin tarihi ya tara ba. Ga Gidan Arewa a titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna kuma aka kasheshi a ciki ranar 15 ga Janairu 1966, wanda tun 1970 ya zama cibiyar binciken tarihi, yanzu a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da hotuna da tsofaffin takardu da rubuce-rubucen ajami. Ga gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu da aka buɗe a 1975, ginin da asalinsa na jam'iyyar su Sardauna ne, wato NPC. Ga gadar Gwamna Lugga a lambun Gamji da aka ɗauko daga Zungeru. A nan Kaduna akayi babban hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977, dattawa har yau suna bada labarin dawakan da suka gani. A Zariya a 1958 su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suna ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane da ta canza fuskar zanen Najeriya gaba ɗaya, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariyan dai akwai dandalin wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa irin ginin gargajiya inda aka riƙa horar da ɗalibai suna shiga ƙauyuka suna wasa da manoma kan matsalolinsu. Amma ka tare matashi goma a Kasuwar Barci ka tambayesu me ke cikin gidan tarihin da suke wucewa ta gabansa in zasu Kawo, kaji amsa. Rashin kira ne karen bebe ya ɓata.

Ɗauki maganar Nok kawai. Nok ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba a jihar nan, a 1928 masu haƙar kuza suka fara tono wani ɗan mutum-mutumin yumɓu, daga baya wajen 1943 aka kaiwa wani bature Bernard Fagg wani kan da aka tono a yankin Jama'a, wanda kafin nan a gonar doya aka kafa shi yana korar tsuntsaye da birai, mai shi bai san abinda ya kafa ya haura shekara dubu biyu a duniya ba. Yau duk inda ake koyar da tarihin fasahar Afirka sai an ambaci Nok. Toh Malam Edita in aka samu yaro mai baki ya tsaya gaban kyamarar waya ya bada wannan labari da Hausa cikin minti ɗaya, ya ƙare da cewa irin waɗannan kayan suna nan a gari kuzo ku gani ranar kaza kuɗin shiga kaza, wallahi sai ya fi fosta ɗari aiki, nida nake cin abinci da fosta nake faɗa. Mutane labari suke saye. Ba wanda zai bar shagonsa dan ance masa "baje kolin kayan tarihi domin bunƙasa al'adu", wannan jimlar ta mutu tun tuni, amma kace masa zo kaga irin abinda aka kafa a gonar doya turawa suka zo suna rawar jiki akai, zai ce ina ne wajen.

In ana neman malamai a wannan fanni basai an ɗauko wani daga Legas an biyashi kuɗin otal ba, matan nan masu rubuta littafi a waya sun ishemu. Ku lura da yadda suke yi. Kafin littafi ya fito da sati biyu ko uku an fara yaɗa sunansa da ɗan ɗanɗano a sitatus da guruf-guruf, sannan a fara sakin shafuka kyauta, kullum ko bayan kwana ɗaya, a lokacin da aka saba, har mai karatu ya zama in lokacin yayi hannunsa na kan waya. Sai labari ya kai inda ba'a iya haƙuri, a daidai nan za'a ce shafukan kyauta sun ƙare, mai son cigaba ga lambar asusu ga lambar da za'a tura shaidar biya, ɗari biyar ne ko dubu ne, in kina son a riƙa turo miki ke kaɗai kuɗin ya ɗan fi haka. A tsakiyar shafukan kuma ga tallan mai turaren wuta da mai atamfa da mai kayan kicin, su ma sun biya. Marubuciyar tasan masu karatunta, tana jin sharhinsu kullum, tasan wanne tauraro suke so wanne suka tsana, in ta gama wannan littafin mutanen suna nan a hannunta sai dai ta sanar da na gaba. Zaka iya cewa baka son irin abinda wasunsu ke rubutawa, nima akwai waɗanda bazan bar 'yata ta karanta ba, amma maganar sanin kasuwa dai a sara musu. Babu babban baƙo, babu uban taro, babu takardar neman tallafi, kuma akwai waɗanda da wannan suke riƙe kansu. Ƙungiyar wasan kwaikwayo me zai hanata ɗaukar minti biyu na atisaye ta saki, ta yanke a inda rigima ta kaure tsakanin uwar miji da amarya, tace ƙarshen sai a dandali ranar Asabar?

Nasan abinda wasu zasu ce, na sha jinsa a shagona, wai fasaha ba tumatir bace da za'a riƙa tallanta, mai abu mai kyau nemansa akeyi. Wannan magana ce ta wanda yake da albashi a wani wurin. Makaɗanmu na da ai basu taɓa tunanin haka ba, kowanne yasan mutanensa, kalangu na mahauta ne, akwai makaɗan maƙera, akwai na noma da ke bin gayya, akwai na 'yan dambe da 'yan tauri, akwai na fada, kuma kusan kowanne yana tafe da sanƙira ko maroƙi wanda aikinsa kenan ya tara hankalin jama'a ya faɗi waye yazo da abinda ya kawo. In makaɗi zaiyi ajo tun da sauran lokaci ake raba goro ana bin mutane gida-gida. Mu ne yanzu muka zama kamar mai fura ta dama ta rufe ƙwarya ta shige ƙuryar ɗaki tana fushi wai 'yan unguwa basa sayen fura.

Abu na farko da zan roƙi kowace ƙungiya, kuma baya cin wani kuɗi mai yawa, a sayi littafi mai bango mai ƙarfi a ajiye mutum ɗaya mai fara'a a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo a roƙeshi sunansa da unguwarsu da lambar waya in ya yarda, a kuma tambayeshi a ina yaji labarin taron. In bai yarda ba a ƙyaleshi, musamman mata, kuma lambar da aka karɓa amana ce kar a wayi gari an sakata a guruf ɗin siyasa ko ana turo mata tallan fili. Bayan taro uku ko huɗu littafin nan zai gaya muku abinda babu wani masani da zai gaya muku, zaku ga ashe rabin masu zuwa daga Unguwar Rimi da Malali suke babu kowa daga Tudun Nufawa, ko kuga ashe duk ta rediyo suka ji kuɗin bana asara ne, ko kuga malaman makaranta ne suka fi zuwa sai ku san inda zaku dosa. Kuma in zakuyi na gaba saƙo ɗaya zaku tura, kuna da mutanenku. Masu shago a kasuwar Gumi da ke sayar da shadda sun daɗe da gane wannan, sabon kaya na sauka kwastomominsu sun gani a waya kafin a kwance dila.

Sai maganar rana tsayayya. Abinda ya sa wasannin gidan rediyo da talabijin na Kaduna suka shiga jinin mutane, tun daga kafa gidan a 1962 har zamanin su marigayi Samanja da marigayi Ƙasimu Yero, bayan iya wasan akwai cewa kowa yasan ranar da lokacin, yara sun san gidan da za'aje kallo tun kafin a idar da sallah. Ranar Hausa ta Duniya da wasu matasa suka faro a intanet a 2015, me ya riƙe ta? 26 ga Agusta ce bata motsi, kowa na shirinta tun kafin tazo. Bikin Afan na Kagoro 1 ga Janairu ne, ɗan Kagoro da ke Legas ko Fatakwal basai an buga masa kati ba. Hawan sallah a Zariya haka. Amma ƙungiya tayi wasa a watan Maris, ta ɓace sai Nuwamba, a wani wurin daban da wani suna daban, ta yaya mutum zai saba? Gara ƙaramin abu, karatun waƙa ne ko gajeren wasa ne ko tatsuniya ga yara, Asabar ɗin farko ta kowane wata ƙarfe huɗu a wuri ɗaya, ko mutum goma sha biyar ne suka zo a yi, a fara akan lokaci ko da ciyaman bai iso ba, da ace sau ɗaya a shekara an kama babban hol da bashi.

Lokacin ma sai an dubeshi da idon ɗan gari. Matar aure bazata fito taron da zai kai isha'i ba, kuma ita ce mai zuwa da yara huɗu da ƙanwar miji, wato tikiti shida kenan. Juma'a da rana babu, Lahadi da safe rabin gari na coci, Asabar da safe yara na islamiyya, azumi kuma sai dai abinda ya dace da azumi, in damina ce a nemi wuri mai rufi, ranar da manyan kulob ke wasa da yamma kar ma a wahalar da kai wajen neman samari. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi, mutumin Rigasa da zai kawo iyalinsa tsakiyar gari ya koma, kuɗin napep ɗinsa ya fi kuɗin tikitin, toh wani lokaci ku ne zaku ɗauki wasan ku kai masa filin firamaren unguwarsu, da izinin mai unguwa, kuma in mai unguwa ya sa baki an gama rabin talla, da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma abinda ba'a son faɗa. Iyaye da yawa in sunji ance wasa ko rawa gala ce ke zuwa musu a rai, cakuɗuwa da dare da abinda baya da daɗin ji. Zagin su da cewa basu waye ba bazai kawo su ba. A rubuta a jikin tallan ƙarara, akwai wurin zaman mata da iyali, za'a tashi kafin magariba, akwai wurin sallah, wasan ya dace da yara, sannan a cika alkawarin, ranar da aka saɓa sau ɗaya shikenan an rasa unguwa guda. A gayyaci limami ko shugaban makarantar islamiyya ko fasto yazo ya gani da idonsa tun a atisaye, in ya gamsu kalmarsa ɗaya ta fi sati guda na sanarwa.

Wani abin da ke damuna, tun rikicin shekarar 2000 garin nan ya rabu, kogi ya zama kamar iyaka, kuma harkar al'adu ma ta bi sahu ba tare da an ankara ba. Ƙungiyar da ke Tudun Wada ko Unguwar Sarki bata kai tallanta Barnawa da Kakuri da Narayi da unguwar Television, ta can ma bata haurowa, alhali duk Hausa ake ji, kuma masu rawar Bajju ko Atyap ko Gbagyi in suka fito ko waye kai sai ka tsaya. Ko ta fuskar kasuwa zalla, ka yanke rabin gari kace ba kwastomominka bane ai asara ce. In ƙungiya biyu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, suka haɗa wasa suka yishi sau biyu, kowa ya kawo mutanensa da littafin lambobinsa, kowa ya ninka masu kallonsa ba tare da ya kashe ƙarin kwabo ba, sauran amfanin da ke ciki kuma basai na faɗa ba.

Rediyo har yanzu shine sarki a nan, duk da waya. Mai shayi, tela, direba, tsohuwa a tsakar gida, duk kunnensu na kai, ga tashoshi birjik, na tarayya da na jiha da su Nagarta da Liberty da Freedom da Alheri. Kuɗin sanarwa yana da nauyi gaskiya, amma masu gabatar da shirye-shirye kullum neman baƙo mai abin faɗa suke, in kazo da ɗan wasan da zai barkwanta mutane minti biyar a iska ko mawaƙiyar baka da zata rera baiti biyu, kayi musu aiki sun yi maka. Fosta kuma a rage mata kaya, hoto ɗaya mai ɗaukar ido, sunan abu, rana, wuri, kuɗi, lambar waya, da Hausa babba turanci ƙarami ko akasin haka gwargwadon unguwar, a fito da ita sati uku kafin ranar, manyan baƙi a buga musu katinsu daban mai ruwan zinari suji daɗi. A kai ta inda ake jira, tashar Kawo, tashar jirgin ƙasa ta Rigasa da tun 2016 take sauke mutanen Abuja masu neman inda zasu kai yara ƙarshen mako, shagon aski, wajen masu kitso da lalle. Kasuwar baje koli ta duniya da akeyi duk shekara a hanyar Zariya ma wuri ne, jama'a sun riga sun taru, ɗan fili kawai ake nema.

Maganar kyauta kuma, ni bana goyon bayan komai kyauta. Abinda aka shiga kyauta ana fita daga cikinsa da an kira waya. A sa kuɗi ko kaɗan ne, ayi rangwame ga mai iyali da ɗalibai, a karɓi taransifa dan yanzu ba kowa ke yawo da tsaba ba, a ware wasu kujeru ga gidan marayu ko wata makarantar gwamnati in ana son lada. Sannan masu ɗaukar nauyi, kowa idonsa na kan banki da kamfanin waya, a rubuta takarda mai shafi goma ta tafi hedikwata a Legas shiru kake ji. Su waɗannan tambayarsu ɗaya ce, mutum nawa ne zasu gani kuma su waye, shi yasa zaka ga tambarinsu a gasar folo ta ƙwallon dawaki, sun san wa ke zaune a rumfar. Kai da baka da ko littafin ƙofa me zaka nuna? Kafin ka kai can, ga mai gidan burodi a unguwarku, ga mai makarantar kuɗi da ke neman ɗalibai a watan Satumba, ga mai ruwan leda, ga mai shagon atamfa, kowanne zai iya ɗaukar kuɗin kujeru ko na janareta in za'a ambaci sunansa a dandali a bashi tebur a bakin ƙofa, kuma shi gobe zaka sameshi a shago basai ka cike fom ba. Bayan taro a koma masa da hotuna da godiya da adadin waɗanda suka zo na gaskiya, kar a ƙara sifili.

Ba wai ba'a taɓa gwada abu mai tsari a garin nan ba. Bikin littattafai da fasaha na KABAFEST da aka fara a 2017, da bikin finafinai na Kaduna da ya biyo baya a 2018, da na littattafan Hausa HIBAF a 2021, sun nuna cewa in an shirya an sanar da wuri mutane suna fitowa, har daga wasu jihohi da ƙasashe. Sai dai waɗannan na shekara-shekara ne, sauran wata goma sha ɗaya ƙananan ƙungiyoyi ne ya kamata su riƙe mutanen, su je irin waɗannan taruka da takardunsu a hannu suna cewa mu muna nan duk wata a wuri kaza.

Gwamnati kuwa bazan ce kar ta taimaka ba, hakkinta ne, amma da a bada kuɗin taro ɗaya a ci a tashi gara a bada wuri, wani hol ko fili da ƙananan ƙungiyoyi zasu riƙa samu da araha a rana tsayayya, a kuma sa makarantu su riƙa kai yara gidajen tarihi ko sau ɗaya a zango, a horar da masu zagayawa da baƙi su iya bada labari da Hausa mai daɗi.

Ku ma Malam Edita ina da roƙo a wajenku. Ku ware ɗan gurbi a jaridar nan da shafinku na Facebook duk ranar Alhamis, ko layi goma ne, a jera abinda za'ayi na wasa da karatu da nunin zane da bukukuwan gargajiya a Kaduna da Zariya da Kafanchan a wannan makon, suna da wuri da lokaci da kuɗin shiga kawai, banda sunan babban baƙo. Ku sa sharaɗi sai wanda ya turo kafin Talata, ko dan dole ma ƙungiyoyin su koyi tsaida rana da wuri. Ni kuma daga ɓangarena duk wanda ya kawo min aikin fosta babu lambar waya da kuɗin shiga a jiki, sai ya koma ya nemo kafin in kunna inji.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai buga takardu,
Tudun Wada, Kaduna.